Kafin Ka Kai Ɗanka Sakandare: Katanga da Ƙyallen Sakamako Ba Su Isa Shaida Ba

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, makarantun kuɗi sukan rataya manyan ƙyallaye a bakin ƙofa, ɗauke da hotunan yara da jerin A1 ɗinsu. Uba mai neman inda zai kai ɗansa sai ya karanta ƙyallen, ya ɗaga kai ya ga doguwar katanga da waya mai ƙaya a samanta, ya tambayi kuɗin zango, shi ke nan magana ta ƙare. Katanga da sakamako suna da muhimmanci, babu musu. Sai dai su ne abubuwa biyu da suka fi sauƙin yi wa kwalliya. Ainihin halin makaranta yana bayyana ne daga ƙarfe biyun rana, bayan an tashi daga aji, har zuwa lokacin da za a kashe fitila. A waɗannan sa'o'i ne ake sanin ko akwai babban da ya san inda kowane yaro yake da abin da yake yi.

Tsoron da iyaye ke ji a arewa ba na banza ba ne. A watan Fabrairun 2014 aka kashe gomman ɗalibai maza a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a jihar Yobe. Ranar 14 ga Afrilun shekarar aka kwashe 'yan mata 276 daga sakandaren Chibok, lokacin da suka taru don rubuta jarrabawar ƙarshe. Sai Dapchi a Fabrairun 2018, 'yan mata 110. Daga nan abin ya tashi daga arewa maso gabas ya koma hannun 'yan bindigar arewa maso yamma masu neman kuɗin fansa: Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka sako yara 344 bayan kusan mako guda a daji, sai Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, sai Birnin Yawuri a watan Yunin shekarar.

Idan aka jera waɗannan hare-hare za a ga kamanninsu ɗaya ne. Yawancin makarantun na kwana ne, suna gefen gari, bayansu daji. An gina su haka ne tun zamanin da ake ganin nisa da hayaniyar kasuwa shi ne gatan ɗalibi, ga kuma fili na gona da wasanni. Abin da ya zama gata a 1975 shi ya koma rauni a yau. Maharan sukan zo da dare a kan babura, su tarar da maigadi ɗaya ko biyu, galibi dattawa, da sanda da tocila. Kafin labari ya kai ga jami'an tsaro an riga an nausa daji. Amma kada mai ɗa a jeka-ka-dawo ya ce abin bai shafe shi ba. A Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna, ranar 7 ga Maris 2024, da safe aka zo, yara na kammala asambuli.

A takarda, gwamnati ba ta zauna ba. An ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja a watan Mayun 2014 tare da Gordon Brown, tsohon firaministan Birtaniya kuma jakadan Majalisar Ɗinkin Duniya kan ilimi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka fitar a birnin Oslo a 2015, har ta karɓi baƙuncin babban taronta na duniya a Abuja a Oktoban 2021. A shekarar ne kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufa da mafi ƙarancin ƙa'idojin da kowace makaranta za ta cika. An tsara kashe naira biliyan 144.8 tsakanin 2023 da 2026, an kuma buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a ƙarƙashin rundunar Sibil Difens a 2023. Duk wanda ya shiga sakandaren gwamnati ta karkara kwanan nan zai iya faɗin nawa ne daga cikin wannan ya isa can. Amfanin sanin waɗannan takardu ga uba shi ne, idan ya tambayi firinsifal yadda aka tsara tsaro, ba shisshigi yake yi ba, haƙƙinsa yake nema.

To me zai tambaya? Ba tsawon katanga ba. Ya tambayi ko akwai sabis na waya a cikin makarantar, domin lambar gaggawa ta 112 ko ta DPO ba ta da amfani inda kira ba ya shiga. Ya tambayi minti nawa ne zuwa ofishin 'yan sanda ko sansanin soja mafi kusa, da damina ba da rani ba. Malamai nawa ne ke kwana a cikin makarantar da iyalansu? An taɓa gwada wa yara abin da za su yi idan suka ji harbi ko aka buga ƙararrawa da tsakar dare, ko kowa ta kansa zai yi? Sannan yaya makarantar take da mai unguwa, da 'yan banga, da manoman da gonakinsu ke bayanta? Wannan ta ƙarshe ta fi yadda ake zato nauyi. Baƙuwar fuska a bakin daji manomi ne ke fara ganinta, kuma ba zai ruga ya gaya wa makarantar da ba ta san da zamansa ba.

Haɗarin da ke cikin gida

Satar ɗalibai ce ke shiga labarai, amma mafi yawan yara ba ɗan bindiga ne zai cutar da su ba. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin wata makaranta mai suna Saints Academy ya rufta a Jos ana tsaka da karatu, mutum 22 suka rasu. A farkon shekarar kuma sanƙarau ya kashe ɗalibai a wasu makarantun kwana na jihar Yobe. Cutar tana son zafi da cunkoso, kuma ɗakin kwanan da aka gina don yara 40 aka zuba 100 ya haɗa duka biyun.

Saboda haka ranar da aka kai yaro, a roƙi izini a shiga ɗakin kwanan, kada a tsaya a ofishin firinsifal mai labule da fanka. A dubi tagogi. Sau da yawa an yi musu ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa kuma ɗaya ce tak, wani lokaci har da kwaɗo ta waje da dare don kada yara su fita. Idan gobara ta tashi daga kyandir, ko maganin sauro na murɗe, ko wayar lantarkin da wani ya jona don dafa ruwa, ta ina za a fita, kuma makullin yana hannun wa? A leƙa banɗaki. A tambayi inda ake ɗebo ruwa, domin makarantar da 'yan mata ke fita bayan katanga da bokiti da asuba ta riga ta rusa nata tsaron da kanta. A ga ɗakin shan magani, a ji ko akwai ma'aikaciyar jinya da ke kwana, ko kuwa farasitamol ne kawai a aljihun metiron.

Sai kuma maganar da iyaye maza da yawa ba sa son ji, wato zaluncin siniyoyi. Wanda ya yi makarantar kwana yakan ba da labarin tsallen kwaɗo da wankin kayan siniya yana dariya, ya ce ai shi ne ya sa muka zama mutane. Amma akwai tazara tsakanin aiken ɗebo ruwa da ƙwace wa yaro garinsa da sukarinsa a makon farko, ko dukansa da bel a ɗaki bayan an kashe fitila, ko abin da ya fi haka muni wanda kunya ba ta barin yaro ya faɗa. Inda malamai suka sakar wa firifet ragamar ɗakunan kwana suka tafi gida, yaro ɗan shekara 17 ne ke mulkin ɗan shekara 11 ba mai duba shi. Alamun ba su da wuyar gani ga mai lura: yaron da ya dawo hutu ya rame fiye da abin da gabza za ta jawo, ya yi shiru, kayansa sun ɓace, ko ya fara ciwon ciki duk ranar da aka ce gobe komawa. Ranar ziyara a ja shi gefe, nesa da abokai da malamai, a tambaye shi a hankali. Kuma idan ya faɗa, kada a fara da ce masa rago.

Yadda ake karanta sakamako

A jarrabawar WAEC da NECO, daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 wucewa ce kawai, F9 faɗuwa. Abin da jami'a ke nema shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a darussan da suka dace da kwas ɗin da ake so. A 2024 kimanin kashi 72 cikin ɗari na waɗanda suka zauna WAEC a makarantun Nijeriya sun sami wannan. A 2025 hukumar ta fara sanar da kashi 38, daga baya ta ce an yi kuskure wajen maki, ta gyara zuwa kusan kashi 63. Amma a jarrabawar JAMB ta 2025, wadda ake yi a kwamfuta a kan maki 400, sama da miliyan ɗaya da rabi daga cikin kusan miliyan biyu ba su kai 200 ba. Ita ma JAMB ta amsa cewa na'urorinta sun sami matsala a wasu cibiyoyi, ta sake wa ɗaruruwan dubban ɗalibai jarrabawa. Duk da haka tazarar da ke tsakanin sakamakon biyu abin tsayawa a duba ne.

Wani ɓangare na bayanin kowa ya san shi. Akwai makarantun da ake biyan kuɗi na musamman a aji shida, ranar jarrabawa a rubuta amsa a allo, mai sa ido ya fita shan iska. Doka ta daɗe da haramta wannan, hukumomin jarrabawa kuma sukan riƙe sakamako ko su soke cibiya, amma kasuwar ba ta mutu ba saboda iyaye ne masu saye. Yaron da aka saya wa A1 a Lissafi zai haɗu da gaskiya a gaban kwamfutar JAMB, ko a shekararsa ta farko a jami'a, lokacin da babu mai rubuta masa komai a allo.

Don haka idan ka ga ƙyallen da ya ce kowa ya ci, tambayi yara nawa ne suka shiga aji huɗu shekara uku da suka wuce, nawa ne kuma suka zauna jarrabawar. Wasu makarantu sukan sallami raunana kafin rajista, wasu kuma aji shidansu yakan kumbura da baƙin da ba a taɓa gani ba. Tambayi makin JAMB na yaran da ke jikin ƙyallen. Mafi sauƙi ma, karɓi littafin rubutun wani ɗan aji biyar ka buɗe. Akwai jan biro a ciki? Malamin ya gyara kuskure ko hannu kawai ya sa? A ɗakin gwaje-gwaje, ƙura a kan kwalabe tana ba da labarin da firinsifal ba zai bayar ba.

Makarantar gwamnati ma tana iya yin abin kirki idan aka so. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ana shiga da jarrabawar tantancewa, aka zuba musu malamai da kayan aiki. Likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa da yawa daga can suka fito.

Bayan an tashi daga aji

A nan ne nake ganin iyayen yau suka fi yin sakaci. Da yawa suna ɗaukar ƙwallo da muhawara da wasan kwaikwayo a matsayin ɓata lokaci, har sun fi son makarantar da za ta riƙe yaro a benci da lasin har la'asar. Makarantun kuɗi da ke cikin gidajen haya, waɗanda ko filin asambuli ba su da shi, sun ji daɗin wannan ra'ayi.

Tsoffin makarantunmu ba haka suka ɗauki abin ba. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna sannan Zariya ta zama Barewa, ta raba ɗalibai gida-gida suna gasa da juna. Sardauna Ahmadu Bello, ɗaya daga cikin ɗalibanta, bai bar wasan fayif ba, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, har yana Firimiya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS, wadda aka kafa a 1954, da takwararta ta Kirista FCS, sun koya wa dubban yara tsayawa gaban jama'a su yi magana, su riƙe 'yan kuɗin ƙungiya, su shirya taro. Haka ƙungiyar 'yan jarida da ke karanta labarai a asambulin Litinin, da ta JETS ta masu ƙirƙire-ƙirƙire, da ta matasa manoma, da sikawut, da kadet. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986 ta sa yara da yawa sun haɗa hadda da boko.

Alaƙar wannan da tsaro a fili take. Yaron da ke da atisaye ƙarfe huɗu akwai malamin da zai lura idan bai zo ba. Wanda ba shi da abin yi daga tashi har magariba shi ne ke haura katanga zuwa gari, shi ne kuma mai sayar da ƙwaya ke jira. Yarinyar da siniya ke gallaza wa ta fi iya buɗe baki ga malamar da suke wasan kwaikwayo tare fiye da wadda take gani a gaban allo kawai. Sannan ba kowane yaro ne gwanin Lissafi ba. Wani gudun mita ɗari ne ko langa ke sa ya ji shi ma wani ne a makarantar, kuma wannan ne ke hana shi gudu daga ajin da yake shan wahala.

Ba sai an tambayi jerin ƙungiyoyi ba, domin kowace makaranta tana da shi a takardar tallanta. A tambayi ranar da suke zama, da sunan malamin da ke kula da kowace ɗaya, da lokacin da aka yi gasar gidaje ta ƙarshe. A makarantun 'yan mata a ƙara tambaya ko su ma suna fita fili, ko kuwa shara da wanke-wanke ne kaɗai motsa jikinsu. Idan amsoshin ba su gamsar ba, wurin tayar da maganar shi ne taron iyaye da malamai, a makarantun gwamnati kuma har da kwamitin SBMC, wanda ke da kujerun iyaye da na masu unguwa. Yawancin iyaye sukan aika kuɗin PTA ta hannun yaro, su kuma ba sa zuwa taron.