Soyayyiyar taliya irin ta Indiya da Sin: abubuwan da ya kamata ka sani

Wanda ya bi titin Sakkwato a Samaru bayan sallar isha'i ya san ƙamshin indomi da ƙwai a teburin mai shayi, inda ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ke jiran a sauke musu. Akwai wata soyayyiyar taliya mai yaji da ta yi kama da wannan a ido, amma hanyar girka ta daban ce, kuma kusan duk kayanta ana samun su a kasuwar Sabon Gari.

Mece ce ita?

Taliya ce da ake tafasawa sama-sama, a tsane, sannan a soya ta cikin 'yan mintoci a wuta mai ƙarfi tare da ganye da kayan ƙamshi. A Indiya ana kiran ta taliyar Hakka. Abu uku ne ke ba ta ɗanɗanonta: yajin ɗanyen barkono, tsamin ruwan khal, da gishirin soya sos, wato baƙin ruwan da ake samu idan aka tsima waken suya da alkama. Wanda ya san aikin daddawa a miya ya riga ya fahimci aikin soya sos a nan.

Daga ina ta samo asali?

Tun ƙarshen ƙarni na 18 Sinawa suka fara zama a yankin Kalkata na Indiya. Daga baya 'yan ƙabilar Hakka ta Sin suka taru a unguwar Tangra, inda suka shahara da sana'ar jima. Da suka buɗe gidajen abinci, sai suka lura cewa harshen mutanen gari ya saba da yaji, don haka suka ƙara barkono da tafarnuwa da citta a girkin da suka zo da shi. Dabarar suya ta Sin ce, zafin kuma na Indiya.

Kayan haɗi

Ana buƙatar kabeji, karas, koren tattasai, albasa mai lawashi, tafarnuwa, ɗanyar citta, attaruhu, masoro da man gyaɗa. Ganyen na samuwa da araha lokacin noman rani, citta kuwa daga kudancin Kaduna take zuwa. Soya sos sai a manyan shagunan kayan gwangwani. Idan babu khal, lemun tsami ya wadatar. Indomi na yi, siririyar taliyar leda ma na yi. Mai son ƙari zai iya sa ƙwai ko kaza, amma soyayyiyar awara ta fi dacewa, domin ita ma asalinta abincin Sin ce.

Yadda suyar take aiki

A nan ne yawancin masu gwadawa ke kuskure, saboda hannunmu ya saba da dafa-duka, inda ake barin taliya ta shanye romo. Wannan girkin ba ya son ruwa ko kaɗan. A sauke taliyar da sauran ƙarfinta, a juye a kwando, a ɗauraye da ruwan sanyi domin a wanke yauƙin da ke sa ta manne, sannan a shafa mata cokali ɗaya na mai a baza ta sha iska.

Dalilin haka zafi ne. Ruwa ba ya wuce digiri 100 idan yana tafasa, alhali abinci ba ya fara yin ja da ƙamshin suya sai zafi ya kai wajen digiri 140. Muddin akwai laima a kasko, turara ake yi, ba suya ba. Haka nan idan aka cika kasko, kabeji zai saki ruwansa, wutar ta kasa ƙone shi. Shi ya sa abincin mutum biyu kawai ake soyawa a zubi ɗaya, musamman a risho ko ƙaramin gas. Garwashin gawayi da ya kama sosai sau da yawa ya fi su biyan buƙata.

A yanka komai siri-siri tun kafin a kunna wuta, domin babu lokacin yanka daga baya. Idan mai ya fara hayaƙi kaɗan, a zuba tafarnuwa da citta da attaruhu na kamar daƙiƙa 20, sai karas, sai kabeji da tattasai, ana juyawa ba tsayawa. Taliya ta biyo baya. A zuba soya sos ta gefen kasko don ya taɓa ƙarfe mai zafi, khal da lawashi kuma su zo a ƙarshe. Ganyen da ya yi daidai yana ƙaras-ƙaras a baki.

Batun gishiri

Soya sos gishiri ne sosai, haka ma garin ɗanɗanon da ke cikin ledar indomi da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Haɗa ukun a faranti guda ya yi yawa, balle ga mai hawan jini. Idan an sa soya sos, a ajiye garin ledar gefe, a ɗanɗana tukuna kafin a ƙara wani abu.