Shin Ko Kun San? Kuɗin Kamfanonin Waje a Ɗakunan Gwajin Samaru

Shin ko kun san cewa kafin shekarar 2001, layukan waya masu aiki a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba? A Janairun waccan shekarar hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane lasisi a kan dala miliyan 285. Zuwa Agusta, MTN da Econet sun fara aiki. Yau ga shi a Kusfa, unguwar malamai a Zariya, almajiri na naɗar karatun malaminsa da waya, ya tura wa ɗan'uwansa a Maraɗi kafin a tashi daga zaure.

To, na'urori sun iso da gudu, masu iya sarrafa su ne suka yi ƙaranci. Wannan giɓi ne ya jawo kamfanonin zuwa ƙofar jami'o'i.

Shin ko kun san cewa MTN ɗan asalin Afirka ta Kudu ne? Gidauniyarsa ta kafa ɗakunan karatu na intanet a jami'o'in Legas da Nsukka da Benin, da kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe tun 1962.

Shin ko kun san cewa Huawei, wanda Ren Zhengfei ya kafa a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 1987, ya shigo Najeriya a 1999? Yana da cibiyar horaswa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda ɗalibi ke koyon haɗa na'urorin sadarwa da gano inda layi ya katse, sannan ya zauna jarrabawar shaidar kamfanin. Matakan uku ne, HCIA da HCIP da HCIE, kuma na ƙarshen ba kowa ke ganin bayansa ba. Ɗaliban Samaru sun sha kaiwa zagayen ƙarshe na gasar duniya da kamfanin ke shiryawa, suka dawo da kyaututtuka. Dabarar kuwa ba a Sin ta faro ba: Cisco na Amurka ya buɗe irin wannan shiri tun 1997.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Yaron da hannunsa ya saba da kayan kamfani guda, ranar da ya zama babban injiniya aka tambaye shi wanne za a sayo, kun san amsarsa. Ni ban ga laifin ɗalibi ba, taɓa na'ura da hannu ya fi kallon zanenta a allo. Abin da ke ɗan damuna shi ne horo ya fi bincike yawa a irin wannan ciniki: muna koyon sarrafawa, ƙira tana can gidan masu ita.

Shin ko kun san cewa a 2019 Jami'ar Oxford ta Ingila ta dakatar da karɓar sabon tallafin Huawei, MIT ta Amurka ta bi sahu, sannan a watan Mayu gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa kamfanin takunkumi? Mai abin hannu ne ke zaɓen kyauta.