Bindigar Gado: Yadda A Ke Gane Shekarunta

A ƙasar Bici, inda gona ke haɗe da gona, ƙauye kuma na hangen ƙauye, daji ya daɗe da ƙarewa. Manyan namun daji sun ƙaura, abin da ya rage wa maharbi sai zomo da fakara da kurciya. Amma bindigogin maharban da ba su ƙaura ba. Har wa yau a kan iske su rataye a zaure, ko kuwa nannaɗe cikin tsumma a ƙuryar ɗaki, an manta da su, sai ran da mai gida ya cika aka kira malami domin rabon gado.

To, a nan ne magana ta kan tashi. Gona an san kuɗinta, haka saniya da damen gero. Amma da an fito da bindiga sai baki ya rabu biyu. 'Ya'ya su ce da ita kakansu ya je yaƙin Basasa, dillali kuwa ya ɗaga ta ya juya, ya ce ai tsohon ƙarfe ne kurum. In aka bi dillali, ana iya sayar da abin tarihi a kuɗin fartanya, a ci haƙƙin marayu. In kuwa aka bi 'ya'ya, ana iya ɗora wa mai saye tsada a bisa labarin da ba shi da asali, wannan kuwa algus ne ko da ba a nufa ba. Sabo da haka ya kamata mai rabon gado da mai ciniki su san yadda a ke tambayar bindigar ita kanta, domin shekarunta na rubuce a jikinta.

Malamai sun riga sun san irin wannan aiki. In an kawo musu tsohon littafi ba ramzi a ƙarshensa, su kan ɗaga takardar wajen haske su duba alamar jinjirin wata uku ta masu yin takarda a Italiya, su dubi hannun marubuci da irin tawada, kana su ce wani abu. Haka a ke yi wa bindiga. Tana da shaidu uku, watau makunninta, da hatiminta, da ƙarfenta. Labarin magada shi ne na huɗu, a kan kuma auna shi da ukun nan.

Kafin a saurari shaidu, sai a san lokacin da abin ya shigo ƙasa. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. A Barno kuwa tun zamanin Mai Idris Aloma a ke da 'yan bindiga Turkawa, kamar yadda limaminsa Ibn Furtu ya rubuta. Duk da haka bindiga ba ta yawaita a hannun talaka ba. Bature matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya iske takubba birjik a kasuwa, bindigogi kuwa ƙalilan. Sai can ƙarshen ƙarnin suka ƙaru, lokacin da Sarkin Damagaram Tanimu ya tara su ta hanyar Tarabulus, sa'an nan aka yi Basasa a Kano daga 1893, har Turawa suka ci birnin ran 3 ga Fabrairu 1903, watau cikin shekarar Hijira 1320. Ma'anar wannan ita ce, bindigar da ta girmi zuwan Turawa akwai ta, amma ba ta da yawa, galibi kuma a gidajen sarauta da na bayin sarki ta ke.

Shaida ta farko, makunni, watau abin da ke kai wuta ga albarushi. Mafi tsufa a cikin waɗanda a kan gani ita ce mai ƙanƙara, wadda in an ja kunama sai dutse ya daki ƙarfe ya yi tartsatsi kamar ƙyastu. Bayanta sai mai hula, wadda a ke ɗora wa 'yar hular tagulla guduma ta daka. Wani limamin kirista a Sikotlan mai suna Forsyth shi ya buɗe wannan hanya cikin 1807, hular kuwa ta bazu daga shekarun 1820. Duka biyun ta baki a ke ɗura su, su ne jama'a ke kira bindigar toka ko harba-ka-ruga. Sa'an nan sai wadda a ke karyawa a sa harsashi ta gindi, mai baki ɗaya ko mai baki biyu. Irin harsashin da a ke amfani da shi yanzu ya shiga Ingila cikin 1861. Wadda ba a ganin gudumarta daga waje kuwa, sanannen tsarinta na Anson da Deeley ne, ma'aikatan kamfanin Westley Richards na Bamingam, cikin 1875.

Amma a lura, makunni yana faɗin shekarar da bindiga ba za ta girme ta ba ne kawai, ba ya faɗin ranar da aka ƙera ta. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa, su ga ƙanƙara su ce lalle wannan ta shekara ɗari biyu. Dalilin kuskuren yana cikin wata yarjejeniya da sarakunan Turai suka ƙulla a birnin Burasal cikin 1890, inda suka hana sayar wa mutanen mafi yawan ƙasashen Afirka bindigogi na zamani, suka yarda da mai ƙanƙara da albarushin ciniki kaɗai. Sabo da haka maƙeran Bamingam a Ingila da na Liyej a Beljiyam suka ci gaba da ƙera mai ƙanƙara domin kasuwar Afirka har cikin ƙarni na 20, alhali a ƙasarsu an daɗe da barinta. Ke nan ana iya samun mai ƙanƙara wadda ba ta girmi jirgin ƙasa ba, shi kuwa cikin 1911 ya iso Kano. Har ma su kan buga kalmar TOWER da kambin sarauta a jikin makunni domin ta yi kama da ta sojan Ingila, don haka wannan rubutu shi kaɗai ba hujja ba ne.

Shaida ta biyu, hatimi, ita ce mafi ƙarfi. A ƙasashen nan doka ta hana sayar da bindiga sai an kai bututunta gidan gwaji, an ɗura masa albarushi fiye da ƙima an harba. In bai fashe ba sai a buga masa hatimi. Hatimin nan kuwa ana sauya shi daga lokaci zuwa lokaci, kuma an rubuta shekarar kowane sauyi. Wurin dubawa shi ne gindin bututu. In mai karyawa ce, sai a cire itacen gaba a raba bututu da ƙota, a duba ƙarƙashinsa inda ya ke shimfiɗe. A goge da mai da tsumma. Kada a sa yashi ko magagari, domin wanda ya kankare hatimi ya kashe shaidarsa da hannunsa.

Gidan gwaji na Bamingam an kafa shi cikin 1813. Daga wannan shekara har 1904 hatiminsa sandunan sarauta biyu ne a gicciye, da kambi a samansu. Daga 1904 aka koma ga haruffan boko biyu biyu ƙarƙashin kambi, watau BP da BV, da kuma NP ga wadda aka gwada da albarushi marar hayaƙi. Dokar 1954 kuwa ta kawo haruffa uku, BNP. Na London shi ne kambi bisa GP, da kambi bisa V. Akwai kuma wasu kalmomi masu ƙuntata lissafi. Wadda aka rubuta wa NOT FOR BALL an gwada ta ne tsakanin 1875 da 1887, domin daga 1887 kalmar CHOKE ta maye gurbinta. In an buga tsawon mazaunin harsashi da inci, kamar 2½, to daga 1925 ne zuwa sama.

Na Liyej shi ne aka fi cin karo da shi a bindigogin ciniki. Haruffa uku ne, E da L da G, da tauraro, cikin da'ira mai siffar ƙwai. Tun wajen 1811 a ke buga shi. Cikin 1893 aka ɗora masa kambi domin masu ɗuri ta gindi, saboda haka mai karyawa wadda ƙwanta ke da kambi ba ta girmi Basasa ba, ba kuma yadda za a yi ta ga zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Masu ɗuri ta baki kuwa an ci gaba da buga musu marar kambi bayan 1893, don haka rashin kambi a kansu ba ya tabbatar da tsufa.

Da ya ke Bici na bisa hanyar Katsina, Katsina kuwa na kallon Maraɗi, ba mamaki a ga ta Faransa. Garin maƙeransu shi ne Santetiyen, hatiminsa rassan dabino biyu a gicciye da kambi. Kamfanin Manufrance na can ya fito da mai baki ɗaya wadda a ke kira Simplex cikin 1908, da mai baki biyu, Robust, cikin 1913. Sunan kan kasance a rubuce a jikinta, don haka lissafinta ba wuya. Haka nan ta Rasha mai suna Baikal, in an rubuta mata USSR, an ƙera ta ne kafin ƙasar Sobiyat ta watse cikin 1991, amma ba ta isa a kira ta tsohuwa ba.

Shaida ta uku, ƙarfe da itace, ita ke yin magana in ba hatimi ko kaɗan. Mafi yawan bindigogin toka na ƙauyuka aikin maƙeran gida ne. Maƙeri ya kan samu bututun famfo, ko sandar sitiyarin tsohuwar mota, ya toshe gindin, ya huda ƙofar wuta, masassaƙi kuma ya sassaƙa ƙota. To, wadda bututunta na famfo ne ko na mota, ba ta girmi famfo da mota ba, labari kome daɗinsa. Alamar zaren famfo a gindi, ko walda irin ta wuta, duk suna nuna ƙarni na 20 ne. Sau da yawa kuma bindiga ɗaya ta kan haɗa zamani uku: makunni na Turai tun na kaka, bututu na zamanin uba, ƙota kuwa ta jiya. Irin wannan sai a ba kowane sashe shekarunsa, kada a ɗora wa duka shekarun mafi tsufa.

Sa'an nan sai a koma ga labarin magada, ba don a ƙaryata su ba, sai don a auna. A tambaya wa ya fara mallakarta, a zamanin wane sarki ko wane hakimi. Mutanen Bici suna da ma'auni mai kyau a nan, domin Abdullahi Bayero ya riƙe ƙasar yana Ciroma kafin ya zama Sarkin Kano cikin 1926. In tsoho ya ce an sayo ta zamanin Ciroma Abdullahi, hatimi kuma ya nuna BP da BV, to labari da ƙarfe sun yi ittifaƙi. In kuwa an ce ta je Basasa amma aka ga BNP, to wata bindiga ce ta je, wannan ta gaji labarinta ne kurum. A bincika cikin adaka da gafaka ko akwai tsohon lasin ko rasit, domin takarda ɗaya mai kwanan wata ta fi rantsuwar mutum goma. Mai son ya gwada tasa da wasu, sai ya ziyarci Gidan Makama a birnin Kano, inda aka ajiye kayan yaƙin da. A kuma tuna, hatimi shekarar gwaji ya ke faɗi. Tsakanin gwaji da isowa Bici ana iya samun shekaru da dama.

Akwai abin da ya fi kuɗi muhimmanci, watau rai. Bindigar toka ta kan shekara hamsin a ɗure ba wanda ya sani, albarushi kuwa ba ya mutuwa don tsufa. Kafin a taɓa kome, sai a nuna bakinta inda ba kowa, a zura sandar ɗuri a auna zurfin ciki, a gwada da tsawon waje. In ciki ya gaza, akwai abu a ciki, sai a kai wa wanda ya san aikin. Haka nan tsohuwar mai karyawa wadda bututunta ke da zane kamar igiya a murɗe, ko wadda ba ta da hatimin albarushi marar hayaƙi, kada a sa mata harsashin zamani, domin tana iya fashewa a fuskar mai harbi. Wadda mazauninta inci 2½ ne, kada a cusa mata dogon harsashi. Har wa yau dokar bindiga ta Nijeriya ta 1959 ta wajabta lasin ga mai riƙe bindiga, kuma gado ba ya ɗauke wa magaji wannan wajibi, haka mai saye.

Saboda haka in an zo rabon gado aka fito da bindiga, kada a yi gaggawar yanka mata kuɗi a zaure. A duba makunni, a karanta hatimi, a dubi ƙarfe, kana a saurari tsofaffi. Abin da aka gano a rubuta shi a takarda, da sunan wanda ya fara mallaka da wanda ya gada, a ajiye tare da ita, yadda jikoki ba za su sake wannan gardama ba. Allah ya sa a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, amin.