Kalmar "Kaka" a Harsunan Duniya

Kowane ɗalibi ya san kaka, wato wanda ya haifi uba ko uwa, mace ko namiji. Kaka kuma ita ce lokacin girbin gero da dawa. To, amma da za ka je Tanzaniya ka kira tsohuwa kaka, dariya za a yi maka, gama a harshen Swahili yayanka namiji shi ne kaka. A Indiya, masu magana da Gujarati da Marathi ɗan'uwan uba suke kira kaka. A Suwidin kaka abin ci ne, wato kek. Mutanen Maori na Niyu Zilan kuwa, wani irin aku na kurmi suke kira haka.

Shin wannan ya nuna harsunan nan dangi ne? Ko kaɗan. Masana sun lura cewa sunayen dangi irin su mama, baba da kaka sukan fito daga gwarancin jarirai, masu maimaita gaɓa ɗaya mai sauƙi. Kowace al'umma sai ta ɗora wa sautin ma'anarta. Kakar Suwidin dabam take: daga tsohon harshen Nos ta fito, inda Turanci ma ya aro kalmar "cake".

Saboda haka, ɗalibai, idan kun ci karo da kalma mai kama da tamu a wani harshe, kada ku yi saurin cewa daga Hausa aka aro ta. Ku bincika asalinta tukuna. Kama da wane ba wane ba ne.