Damin Godiya da Katin Zaɓe

Daga watan Oktoba zuwa Disamba, majami'un ƙauyuka a Filato, da Kudancin Kaduna, da ƙasar Tangale sukan keɓe Lahadi guda domin godiyar kaka. Maza su shigo da dammunan dawa, mata da ƙwaryar acca da gyaɗa, yara da kaji a hammata, Zumuntar Mata kuwa tana gaba da waƙa. Al'adar tana da tushe. A cikin Maimaitawar Shari'a sura 26 an umarci manomin Isra'ila ya kawo nunan fari a kwando, ya faɗa da bakinsa wanda ya ba shi ƙasar.

Amma idan zaɓe ya gabato akan ga sabon baƙo a kujerar gaba. A 1979 da 1983 da damina aka yi zaɓe, mutane suna gona. Na 2023 kuwa ranar 25 ga Fabrairu aka yi shi, an kuma buɗe yaƙin neman ƙuri'a tun ƙarshen Satumba na 2022, watau daidai lokacin da ake girbi. Sai ga ɗan takara a sujadar godiya. Ya sayi damin dawa a gwanjo da kuɗin da ya fi na buhu biyar, ya yi alkawarin kwanon rufi, kafin ya tafi a sauke buhunan takin zamani da turamen atamfa a ƙofar gidan mai bishara.

To, a nan ne wahalar take. An goye mu da cewa yaba kyauta tukwici, kuma babu mai so a ce da shi butulu. Ɗan siyasa ya san wannan sarai. Ba ya cewa ku sayar mini, sai dai ya bar kunya ta yi masa aiki. Ranar zaɓe tsohuwa ta shiga rumfa, ta tuna da zanen da take ɗaure da shi, ta dangwala.

'Yan'uwa, mu raba abu biyu. Wanda ya aiko da ruwan sama, shi ne muka kawo wa dami. Wanda ya kawo taki kuwa a ce masa an gode, ya isa. In yana kan mulki, watakila ma da kuɗin jama'a aka saya, naku ne aka maido muku da hotonsa a jikin buhu. Ƙuri'a ba tukwici ba ce, gama ba taka ce kai kaɗai ba. Matar maƙwabcinka da za ta yi naƙuda a hanyar da babu kwalbati tana da rabo a ciki. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta sa hukunci a kan mai ba da kuɗi domin ƙuri'a da mai karɓa duka.

Waɗansu za su ce, ai mu namu muke zaɓa, mai suna irin namu. Lalle akwai dalilin wannan tsoro, musamman inda aka ƙone gidaje aka hana mutane zuwa gonakinsu. Duk da haka shawarar da Yetro ya ba Musa a Fitowa sura 18 tana da sharuɗɗa huɗu: mutum ya iya aikin, ya ji tsoron Allah, ya zama mai gaskiya, ya ƙi cin hanci. Sunan baftisma ba ya cikinsu. Wanda ya riƙe kuɗin ƙungiyar manoma bai taɓa kawo lissafi ba, zaman kujerar gaba a majami'a ba zai sāke shi ba.

Akwai kuma maganar rumbu. Isuwa da yunwa ya dawo daga jeji sa'ad da ya ba da gādonsa saboda kwanon abinci. Manomin da ya kwashe hatsinsa ya kai kasuwa tun Nuwamba, sa'ad da farashi yake ƙasa, kafin Fabrairu hannunsa ya bushe. Mun ga haka a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa kuɗi ya ɓace, mutane suka karyar da kaya domin su sami tsaba. A damina ta wannan shekara kuma cuta ta cinye citta a Kaciya da Jaba da Kagarko, bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayu. Mai irin wannan hali, naira dubu biyu takan yi masa girma. Saboda haka ikkilisiyar da ta ajiye wani kashi na hatsin godiya, maimakon ta yi gwanjonsa duka rana ɗaya, za ta iya ranta wa gwauraye da marasa ƙarfi kafin wani ya zo ya saye su.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, cikin mutum miliyan 93 da suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Sauran suna gida, da yawansu kuwa sun yi addu'a domin ƙasa a ranar Lahadi. Ya kamata dattawa su tambaya tun yanzu, wa ba shi da kati, wa ya sāke gari bai mayar da rajistarsa ba. In ɗan takara ya zo sujadar godiya, a ba shi wurin zama kamar kowa, kada a ba shi bagade. Bayan an tashi a zauna da shi a gindin bishiya, da littafi da alƙalami, a tambaye shi zancen rijiyar burtsatse, da ɗakin shan magani, da watan da taki zai iso.