Aikin Jami'a da Lafiyar Mutanen Karkara

Maganarmu ta yau a kan jami'a ce, da abin da ya haɗa ta da ɗakin shan magani na ƙauyenku. Wataƙila wani zai ce, "Mu da ke Faskari, ko Yankara, ko Daudawa, ina ruwanmu da jami'a? Ai wannan sai 'yan boko." To, ku saurara. Allurar da a ke yi wa 'ya'yanku, da ƙwayar da malamin asibiti ya ke ƙirga muku a tafin hannu, ba daga sama suka faɗo ba. Wasu ne suka yi shekaru suna bincike kafin a same su.

Aikin malamin jami'a iri biyu ne. Na ɗaya shi ne koyad da ɗalibai. Na biyu shi ne bincike, watau neman sanin abin da ba a sani ba tukuna. Mai bincike ba ya cewa "an ce." Sai ya je ya gani, ya ƙidaya, ya gwada, sa'an nan ya rubuta don wasu su duba ko ya yi daidai.

BINCIKE A MAƘWABTANMU

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962. Cikin shekarun 1970 likitocinta suka haɗa kai da na wata makarantar likitoci ta Libaful, a Ingila, suka kafa wurin bincike a Malumfashi. Suka bi gida gida suna ƙidaya mutane, suna auna jini da fitsari, suna tambaya game da zazzaɓi da saran maciji.

Ku dubi abin da suka yi game da tsargiya. Mutane da yawa sun ɗauka fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, cuta ce. Tsutsarta tana girma cikin wata 'yar katantanwa ta ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Masu binciken nan suka zauna a bakin madatsar Ruwan Sanyi suna lura da masu shiga ruwa, da daɗewar da su ke yi a ciki. Suka ga yara maza masu iyo su suka fi kowa. Kun ga dalilin da ya sa a ke bin makarantu ana raba maganin tsargiya.

SANƘARAU

Babu dattijon da bai san sanƙarau ba. Cikin rani ya ke zuwa, bayan hunturu ya busad da hanci da maƙogwaro, ya yi tsanani da bazara, in ruwa ya sauka kuma ya lafa. Wani likita Bature, Brian Greenwood, ya yi wajen shekara goma a Zariya, shi da abokan aikinsa suna nazarinsa. A 1979 suka nuna allura guda ta wani magani mai mai tana iya warkad da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙauyen da ba a iya yi wa majinyaci allura sau huɗu kowace rana.

Amma rigakafi ya fi magani. A 1996 sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Allurar rigakafi ta lokacin ba ta daɗewa a jiki, ba ta kuma kare ƙananan yara sosai. Aka ci gaba da bincike har aka sami sabuwa, mai suna MenAfriVac, wadda a ke yi a Indiya. An fara ta a Barkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso ƙasarmu a 2011. Irin sanƙaraun da ya fi yi mana ɓarna a dā ya kusa ɓacewa.

Sai dai ƙwayar sanƙarau iri iri ce. A 2017 wani iri dabam ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Masana suka koma aiki. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da wata allura mai kare mutum daga iri biyar gaba ɗaya.

AIKIN KWAMFUTA

Kwamfuta na'ura ce mai lissafi. Ƙidayar da akawu ɗari za su yi shekara suna yi, ita nan da nan za ta gama. Amma ba ta san kome ba sai abin da aka ba ta.

Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun yi wani babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda ke cikin Jihar Jigawa yau. Aka fesa maganin sauro a ɗakuna, aka raba ƙwayoyi, aka auna jinin dubban mutane, aka sa lissafin a kwamfuta. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai, amma da aka daina sai ya dawo. Daga nan aka gane a ƙasa irin tamu dabara ɗaya ba ta isa ba. Shi ya sa yanzu a ke haɗa gidan sauro, da gwajin jini, da maganin damina da a ke ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5.

Haka kuma, daga 2012 aka shiga yin taswirar ƙauyukan Arewa da hotunan tauraron ɗan adam, aka ba masu ɗigon shan inna wayoyi masu nuna inda suka taka. Sai ga ƙananan ƙauyuka da rugage waɗanda ba a taɓa sa su a takarda ba. Aka kai musu rigakafi.

NA'URA MAI AIKI DA KANTA

Akwai kuma na'urorin da ke yin aiki da kansu, waɗanda a ke kira mutum-mutumi, ko da ya ke yawancinsu ba su yi kama da mutum ba. Ɗaya ita ce na'urar gwajin tarin fuka da ke manyan asibitoci. A dā sai an ƙura wa majina ido da madubin likita, sau da yawa kuwa ba a ganin ƙwayar. Yanzu sai a sa majinar a na'ura, cikin kamar awa biyu ta faɗi ko akwai cutar. Wata kuma jirgi ne ƙarami marar matuƙi. A 2016 aka fara aika jini da shi a Ruwanda, a 2022 aka fara kai magani da shi a Jihar Kaduna. In ya iso sai ya saki kunshin da 'yar lema, ya koma. Amma fa na'ura ba ta ɗauko marar lafiya daga gida. Wannan aikinku ne.

SHA'ANIN ƘASASHE

Wasu malaman jami'a kuma tarihin hulɗar ƙasashe su ke bi. Mene ne haɗinsa da lafiya? Ku tuna da agana. A 1958 Rasha ta kawo shawara a kawad da ita daga duniya. Lokacin nan ita da Amurka ba sa ga maciji, amma duka biyu suka sa hannu. Aka tsananta yin lamba daga 1967. A 1970 agana ta ƙare a Nijeriya, a 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya duka.

Ga kuma wani darasi. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a kan yara masu sanƙarau a Kano. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta a 2009. Wannan yana cikin abin da ya ɓata zukata, har aka tsai da ɗigon shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004. Cikin ɗan lokaci cutar ta bazu zuwa ƙasashe kamar ashirin, har Indonesiya. Sai da sarakuna da malamai suka shiga maganar aka koma. A 2020 aka tabbatad da ainihin ƙwayar shan inna ta ƙare a Afirka. Duk da haka ba a daina ɗigon ba, gama inda aka bar yara ba rigakafi cutar na iya sake tasowa.

ABIN DA ZA KU YI

1. In malamin asibiti ya tambayi shekarun yaro da sunan unguwarku, ku faɗi gaskiya. In aka ba kwamfuta ƙarya, ƙarya za ta lissafa, maganin da za a aiko kuma ya kasa.

2. Ku adana katin rigakafi kamar yadda ku ke adana takardar gona.

3. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, kada ku kwana da shi. Ku kai shi asibiti a ranar.

4. Wanda ya yi mako biyu yana tari, ya je a gwada majinarsa.

5. In masu bincike suka zo, ku karɓe su, amma ku tambaya: wa ya aiko su, me za su yi, hakimi da hukumar lafiya sun sani? Ba wanda ya isa ya sa ɗanku cikin gwaji sai da yardarku, in kun ƙi kuwa ba za a hana ku magani ba.

6. Ku bar 'ya'yanku, maza da mata, su yi karatu. Likita da ungozoma da mai gyaran na'ura duk daga aji ɗaya su ke farawa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai wani mako.