Katin Zaɓe a Gindin Dutsen Zuma

A farkon shekarar 2011 hukumar zaɓe ta ƙasa, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta buɗe sabuwar rajistar masu jefa ƙuri'a, da na'urorin ɗaukar hoto da zanen yatsa. Matasa masu bautar ƙasa su ne suka ɗauki yawancin aikin, suka yini a harabar makarantu da ƙofar fadar masu unguwa, har aka rubuta mutum miliyan 73 da ɗoriya.

A Suleja, garin da ke kusa da Dutsen Zuma, aikin zaɓen nan ya ci rayuka. Ran 8 ga Afrilu, jajibirin zaɓen majalisun tarayya, bam ya tashi a ofishin hukumar, daidai lokacin da ma'aikatan wucin gadi suka taru don shirin gobe. Fiye da mutum 10 suka rasu, cikinsu har da masu bautar ƙasa.

To, rubuta suna bai kai wuyar sa talaka ya yarda cewa ƙuri'arsa tana da amfani ba. Gwamnati ta san haka tun 1987, sa'ad da ta kafa MAMSER don wayar da kan jama'a, ta ɗora wa Farfesa Jerry Gana, ɗan Jihar Neja, shugabancinta. Amma da sauran aiki. A 2023 rajista ta haura miliyan 93, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa kuwa kusan miliyan 25 ne kacal. Mutane da dama sun karɓi katin ne don ya zame musu shaida a banki.